Nau'in Fayil da Yadda Ake Buga Faifan da Na'urar Sauya CD ta Mota Za Ta Karɓa

Faifan da aka buga a gida yakan yi lafiya lau a kwamfuta, amma da zarar an sa shi a na'urar sauya faifai ta mota sai a ji tana ta jujjuya shi na ɗan lokaci, daga nan ta tsallake shi zuwa na gaba, ko ta nuna saƙon kuskure a fuskar rediyo. A mafi yawan lokuta faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka; an dai ba ta abin da ba a ƙera ta don ta fahimta ba ne. Kwamfuta tana karanta kusan duk abin da aka miƙa mata, saboda haka shaidarta ba ta da nauyi a wannan batu. Ita kuwa na'urar mota, wadda ke ɗaukar faifai shida ko goma ko goma sha biyu a cikin but, a ƙarƙashin kujera, ko a cikin rediyon kansa, saninta ya tsaya ne a ranar da ta fito daga masana'anta, kuma dole mai buga faifai ya bi ta yadda take. Aikin yana farawa ne daga motar, tun kafin a kunna kwamfuta.

Faifan sauti da faifan fayiloli

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, faifan CD maras komai ana iya buga shi ta hanya biyu waɗanda ba su da alaƙa da juna, ko da yake idan aka miƙo maka su a hannu ba za ka iya bambanta su da ido ba. Hanya ta farko ita ce faifan sauti na asali, wanda kamfanonin Philips da Sony suka shimfiɗa ƙa'idarsa a 1980, ya kuma shiga kasuwa a 1982. A kan irin wannan faifai babu fayil ko ɗaya. Sauti ne zalla a jere, an auna shi sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana da bit 16 (bit shi ne ma'auni mafi ƙanƙanta na bayanan kwamfuta), ga na dama ga na hagu, sannan a farkon faifan akwai ɗan jadawali da ke gaya wa na'ura inda kowace waƙa ta fara da inda faifan ya ƙare. Ƙa'idar ba ta yarda a wuce waƙa 99 ba, kuma kowace waƙa dole ta kai aƙalla sakan 4. Ana auna cikarsa da minti: 74 a tsofaffin faya-fayai, 80 a waɗanda aka fi samu yanzu. Wannan shi ne harshen da kowace na'urar CD take ji, tsohuwa da sabuwa.

Hanya ta biyu ita ce faifan fayiloli, wanda yake tamkar filas: foldoji ne da fayiloli a cikinsu, MP3 ko WMA ko wani nau'i, kuma ana auna cikarsa da megabait, wajen 700. Kafin na'ura ta fitar da sauti daga irin wannan faifai, sai ta san yadda ake bin tsarin foldojin, sannan sai tana da ɗan guntun lantarki a cikinta wanda ke warware matsattsen fayil ya mai da shi sauti. Na'urar da ba a sa mata wannan ba tun farko, babu wata dabarar bugu da za ta sa ta karanta.

Wannan bambanci ne ya sa tambayar "MP3 zan sa ko WAV?" take da ma'ana biyu. Idan faifan sauti za ka buga, nau'in fayil ɗinka kayan aiki ne kawai: manhajar bugu za ta warware shi, ta mai da shi sautin nan mai awo 44,100, sannan ta rubuta. Waƙa mai minti huɗu za ta ci minti huɗu daga cikin tamanin ɗin, ko fayil ɗinta megabait uku ne ko arba'in, kuma ƙanƙantar MP3 ba za ta ƙara maka wuri ba ko kaɗan. Idan kuwa faifan fayiloli ne, to fayil ɗin zai isa motar ne yadda yake, kuma nau'insa shi ne komai.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan faɗawa a nan. Na ɗaya, mutum ya ji an ce WAV shi ne ingancin CD, sai ya kwashi fayilolin WAV ya zuba su a faifai kamar yadda ake zuba hotuna. Abin da ya samu faifan fayiloli ne, kuma na'urorin mota da yawa, har waɗanda ke karanta MP3, ba sa taɓa fayil ɗin WAV. Na biyu, idan aka buɗe faifan sauti a Windows ana ganin wasu fayiloli masu ƙarewa da .cda, sai a ɗauka su ne waƙoƙin, a kwafe su. Kowannensu bait 44 ne kacal, alama ce kawai ta inda waƙa take a kan faifan, babu sauti a cikinsa. Mai son ciro waƙa daga faifan da ya mallaka sai ya yi amfani da manhajar da aka yi don haka, kamar Exact Audio Copy ko fre:ac.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne ganin fayilolin WAV na minti 79 sun kai wajen megabait 800, amma sun shiga faifan da aka rubuta wa 700. Dalilin shi ne, faifan an kasa shi ƙananan gurabe, guda 75 a kowane sakan, kuma kowane gurbi yana ɗaukar bait 2,352 idan sauti ne, amma 2,048 kawai idan fayil ne, domin ragowar ana kashe ta ne wajen ƙarin kariya daga kuskure. Saboda haka wajen buga faifan sauti minti za ka duba, ka manta da megabait.

Gano abin da na'urarka take karantawa

Littafin jagorar motar ko na rediyon shi ne wuri na farko, domin a nan ne ake lissafa nau'o'in da aka yarda da su, da iyakar yawan fayiloli da foldoji. Idan babu littafin, ka duba jikin na'urar ko akwatin da ake jera faya-fayan a ciki: idan akwai tambarin MP3 ko WMA, to tana karanta faifan fayiloli, idan tambarin CD kaɗai ne, ka ɗauka faifan sauti kawai ta sani. Ka lura da cewa rediyon da ke gaban mota da na'urar da ke cikin but abubuwa biyu ne daban. Yana yiwuwa ramin faifai ɗaya da ke jikin rediyon ya karanta MP3, alhali na'urar but ɗin ba ta karantawa, domin ita ce ke karanta faifanta da kanta ta aika wa rediyo sauti. Na'urorin da suka zo da motocin shekarun 1990 da farkon shekarun 2000, akasarinsu faifan sauti kaɗai suke yi.

In har akwai shakka, faifai biyu na gwaji sun isa su raba gardama: ɗaya faifan sauti mai waƙa uku ko huɗu, ɗaya kuma faifan fayiloli mai 'yan MP3 a folda guda. Ni kaina na taɓa cika faifai shida da MP3 a dare ɗaya kafin wata doguwar tafiya, na jera su, sai a kan hanya na tarar na'urar ba ta karanta ko ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara buga faifai na biyu ba sai na ji na farko da kunnena a cikin motar.

Nau'o'in fayil da abin da kowanne yake rasawa

Fayilolin sauti gida biyu ne. Gida na farko shi ne waɗanda ba su zubar da komai daga sautin ba. A cikinsu akwai WAV, wanda Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, da AIFF na kamfanin Apple. Waɗannan biyun ba a matse su ba sam, kuma minti ɗaya yana cin wajen megabait 10. Akwai kuma FLAC da Apple Lossless, waɗanda ake matsewa su ragu zuwa kusan rabi ko kashi biyu cikin uku, amma idan aka warware su sautin yana dawowa cif yadda yake, ba ragi. Duk wanda ke da waƙa a ɗaya daga cikin waɗannan, daga nan ya kamata ya buga faifan sautinsa.

Gida na biyu shi ne waɗanda ke zubar da wani sashe na sautin, wanda aka ƙiyasta kunne ba zai lura da rashinsa ba, don fayil ya ƙanƙance. MP3 shi ne babbansu. Ƙa'idarsa ta fito a 1993, kuma cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta taka babbar rawa wajen samar da shi. Sai AAC, wanda galibi yake zuwa da ƙarshen suna .m4a, da WMA na Microsoft, da Opus, wanda shi ne saƙonnin murya na WhatsApp ke amfani da shi. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Mai da MP3 zuwa WAV ba ya dawo da komai, yana ƙara wa fayil ɗin girma ne kawai, kuma ba a ma bukatarsa, tunda manhajar bugu tana yin wannan warwarewar da kanta. Abin da ya fi wannan muni shi ne mai da matsattsen fayil zuwa wani matsattsen, kamar AAC zuwa MP3, domin an zubar sau biyu ke nan, kuma a nan ne ake fara jin kuge da sautin "s" suna yin wani irin shuu kamar ana zuba ruwa. Idan dole ta sa, misali fayilolinka duka .m4a ne kuma motar MP3 kawai ta sani, to a yi sauyin sau ɗaya tak, a zaɓi inganci mai girma, kuma a adana na asalin.

Ingancin MP3 ya dogara ne ga yawan kilobit da aka ba kowane sakan, galibi daga 32 zuwa 320, alhali faifan sauti yana tafiya ne a kan 1,411. A ra'ayina, a cikin motar da ke gudu, ga ƙarar inji ga ta taya ga iska, MP3 mai kilobit 192 ko sama da haka wanda aka yi da LAME, wato manhajar matse sauti zuwa MP3, daga tushe mai kyau ya wadatar, kuma mutane ƙalilan ne za su iya bambanta shi da asalin. Abin da ake ji a fili shi ne fayil mai 96 ko ƙasa da haka, ko wanda aka ciro daga bidiyo aka yi ta juya shi daga wannan nau'i zuwa wancan. Irin wannan, ko a faifan sauti ka buga shi, da lahaninsa zai fito.

Sautin da aka ciro daga bidiyo yawanci yana da awo 48,000 a sakan, wasu fayilolin da ake saye kuma suna da bit 24 da awo 96,000. Faifan sauti ba ya karɓar ko ɗaya daga ciki sai an sauko da shi zuwa 44,100 da bit 16. Manhajoji da yawa suna yin haka da kansu, amma wasu suna ƙin fayil ɗin, saboda haka ya fi kwanciyar hankali ka yi sauyin tun farko da Audacity ko foobar2000, ka saurari sakamakon, sannan ka buga.

Buga faifan sauti

Ka sayi CD-R, kada ka sayi CD-RW. Faifan CD-R yana da siririn rini wanda hasken leza ke ƙonawa ya bar alamomi na dindindin, kuma yana mayar da haske kusan yadda faifan kamfani yake yi. CD-RW, wanda ake gogewa a sake rubutawa, ya fito ne a 1997, kuma hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ba, abin da idon tsohuwar na'ura ba ya iya gani. Ka tsaya a kan mai minti 80. Masu minti 90 da 99 an matse layukansu fiye da ƙa'ida, kuma na'urorin mota sukan rikice a kansu, musamman wajen ƙarshe.

Manhajojin da ke yin wannan aiki suna da yawa: CDBurnerXP da ImgBurn da Windows Media Player a Windows, iTunes ko manhajar Music ta Apple, K3b da Brasero a Linux. Ko wacce ka ɗauka, ka tabbata ka zaɓi aikin buga faifan sauti, wanda a yawancinsu aka rubuta wa Audio CD. Hanya mafi sauƙi ta sanin kana kan daidai ita ce ka duba ma'aunin cika da ke ƙasa: idan minti yake ƙirgawa, faifan sauti ne, idan megabait ne, ka koma baya. Ka jera waƙoƙin yadda kake so su zo, ka kuma tsaya a minti 78 ko 79, domin bakin faifai shi ne wurin da ya fi samun zanen yatsa da ƙarzuwa, kuma can ne waƙar ƙarshe take, tunda CD daga tsakiya yake farawa ya nufi waje.

Kafin ka danna bugu, ka kula da ƙarfin sauti. Waƙoƙin da aka tattaro daga wurare daban-daban ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya; tsohon ɗauka yakan yi ƙasa, na zamani ya yi sama sosai, sai direba ya riƙa kai hannu ga maɓallin ƙara a duk sauyin waƙa, wanda abu ne da bai dace da mai tuƙi ba. Windows Media Player da iTunes duka suna da zaɓin daidaita ƙarfi a lokacin bugu, kuma ya kamata a kunna shi idan faifan haɗe-haɗe ne. Idan kuwa kundi ɗaya ne cikakke, a bar shi yadda masu shi suka tsara.

Sai hanyar rubutun kanta. Akwai wadda ke rubuta faifan gaba ɗaya a zama ɗaya ba tare da lezar ta tsaya ba, wadda manhajoji ke kira Disc-at-Once, akwai kuma wadda ke rubuta waƙa ɗaya ta tsaya sannan ta kama ta gaba, wato Track-at-Once. Ta farkon ita ce ta fi dacewa da mota. Ita ce ke ba ka ikon cire shirun sakan biyu da ake sakawa tsakanin waƙoƙi, wanda ke yanke karatu ko lacca ko wasan da aka ɗauka kai tsaye a tsakiyar magana. Ita ce kuma ke ba da damar rubuta CD-Text, wato sunan waƙa da na mai ita, wanda wasu rediyoyin ke nunawa. Ba kowace manhaja ke rubuta shi ba: iTunes da CDBurnerXP da ImgBurn suna yi, Windows Media Player ba ya yi. Kuma ko an rubuta, sai na'urar but ɗin da rediyon duka sun san shi kafin ya bayyana.

Dole a rufe faifan. Rufewa na nufin an kammala jadawalin farko da alamar ƙarshe ta yadda ba za a iya ƙara komai ba. Faifan da aka bari a buɗe don a ƙara waƙa daga baya, na'urar mota takan ɗauke shi tamkar babu komai a kansa, ko ta ga kashin farko kawai. Bugun zama ɗaya yana rufewa da kansa. Idan ba shi ka zaɓa ba, ka nemi zaɓin Finalize ka kunna.

Game da sauri, faifan da aka rubuta wa 52x ba lallai ne a buga shi da wannan gudun ba. Matsakaicin sauri, kamar 8x zuwa 16x, yakan bar alamomi masu tsabta waɗanda tsohon ido ke bi cikin sauƙi, kuma bambancin lokacin 'yan mintuna ne. Sai dai ban yarda da shawarar da ake yawan bayarwa cewa 1x ya fi komai ba, domin rinin faya-fayan yanzu an yi shi ne don gudu, kuma na'urorin bugu da yawa ba su ma sauka ƙasa sosai. Yayin bugun, ka bar kwamfutar ta yi aikinta, kada ka ɗora mata wani nauyi.

Idan na'urarka tana karanta MP3

A nan ne ribar take, domin faifai ɗaya yana ɗaukar wajen awa 12 a kan kilobit 128, awa 8 da rabi a kan 192, awa 5 a kan 320. Faifai shida a kan 192 sun kai kusan awa hamsin. Amma a nan ne kuma sharuɗɗa suka fi yawa.

MP3 mai awo 44,100 kuma mai tsayayyen kilobit, wanda ake rubuta wa CBR, shi ne wanda ban taɓa ganin na'ura mai tambarin MP3 ta ƙi ba. Mai sauyawar kilobit, wato VBR, ya fi tattalin wuri, kuma yawancin na'urori suna kunna shi, amma tsofaffi sukan nuna lokacin da ba daidai ba, ko su yi tsalle idan an matsa gaba. Fayilolin magana da aka matse sosai sukan zo da awo 22,050 ko 16,000, wanda wasu na'urorin ba su sani ba. Gara a yi su da 44,100, bakin sauti ɗaya maimakon na dama da na hagu, kilobit 64, wanda ya ishi muryar mutum. WMA kuwa, tambarin yana nufin na gama-gari ne kawai: WMA Pro da WMA Lossless da wanda aka kulle da kariyar mallaka yawanci ba sa yi. AAC sai a na'urorin baya-bayan nan, FLAC kuma da wuya a same shi a na'urar sauya faifai.

Tsarin da aka jera fayilolin a kansa yana da muhimmanci kamar fayilolin kansu. Na'urorin mota sun saba da ISO 9660 tare da ƙarin Joliet, wanda ke ba da damar suna ya kai harafi 64. Idan ka sa faifai maras komai a Windows, zai tambaye ka ko kana son amfani da shi kamar filas ko kuwa don na'urar CD da DVD. Zaɓin filas yana rubuta tsarin UDF ne kaɗan-kaɗan ya bar faifan a buɗe, kuma mota ba za ta karanta ba. Na biyun ya fi, amma ni na fi son manhajar bugu ta musamman, inda zan zaɓi ISO 9660 da Joliet da hannuna, in buga komai a zama ɗaya, in rufe.

Sunayen fayiloli su zama gajeru, da haruffan boko na yau da kullum da lambobi. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun Larabci, da alamomi na ado, fuskar rediyo takan nuna su a matsayin akwatuna ko alamar tambaya, wani lokaci ma ta tsallake fayil ɗin. Ka fara kowane suna da lamba mai sifili a gaba, 01, 02, har zuwa 10 da sama, domin idan ka rubuta 1, 2, 10, na'urar za ta kunna 10 kafin 2. Foldoji kada su yi zurfi. Ƙa'idar ISO 9660 ta tsaya a hawa takwas, amma hawa ɗaya ko biyu ya isa, kuma ya fi sauƙin bi ga wanda hannunsa ke kan sitiyari. Kowace na'ura tana da iyakar yawan fayiloli da foldojin da take gani, abin da ya wuce haka ba za ta nuna ba. Littafin jagora ne zai faɗa maka adadin. Kuma duk sanda na'urar ta sauya zuwa wani faifai, sai ta karanta jerin foldojinsa kaf kafin ta fara, don haka yawan foldoji da wasu fayiloli marasa amfani, kamar hotuna da takardu, suna tsawaita jiran.

Sunan waƙa da ke fitowa a fuskar rediyo yana zuwa ne daga bayanan ID3 da ke cikin fayil ɗin. Tsohon nau'in, ID3v1, yana tsayawa a harafi 30. Na'urori da yawa suna karanta ID3v2.3, amma 2.4 yakan gagari tsofaffi. Manhajar Mp3tag tana gyara wannan ga fayiloli da yawa lokaci guda, kuma da ita za ka iya cire manyan hotunan kundi da aka cusa a cikin fayil, waɗanda ke cin wuri kuma suke sa wasu na'urorin jinkiri a farkon waƙa. Batun ƙarfin sauti ma yana nan, amma alamar ReplayGain, wadda kwamfuta ke bi don daidaita ƙarfin waƙoƙi, na'urorin mota galibi ba su san ta ba. MP3Gain ita ce mafita, domin tana sauya ƙarfin a cikin fayil ɗin kansa ba tare da sake matse shi ba. Abu ɗaya da faifan MP3 ba zai ba ka ba shi ne ci gaba babu yankewa: kusan koyaushe akwai ɗan shiru tsakanin fayil da fayil, don haka abin da ke bukatar tafiya a jere gara a haɗa shi fayil ɗaya, ko a buga shi faifan sauti. Kada kuma a gauraya waƙoƙin faifan sauti da fayilolin MP3 a faifai guda, domin kowace na'ura da ɓangaren da take zaɓa ta bar ɗayan.

Jikin faifan

Na'urar sauya faifai tana da hannaye da ƙananan tayoyi da ke jan faifai ta ƙunƙuntar hanya, an kuma auna su ne a kan faifai mai faɗin santimita 12 da kaurin milimita 1.2. Kada ka manna sitika ko takarda a kan faifan da zai shiga cikinta. Zafin mota yana narkar da gam, takardar ta ɗago, faifan ya maƙale, wani lokaci har ya hana sauran fita, kuma ciro shi sai an kwance na'urar. Ƙananan faya-fayai masu santimita 8 da masu siffa ta daban ma haka suke. Ka rubuta suna da maka mai laushin baki, kada ka yi da biro, domin bayanan suna kwance ne dab da saman faifan a ƙarƙashin siririn shafi, kuma ƙarzuwa ta sama ta fi ta ƙasa illa. Wajen jera su a akwati, ka duba zanen da ke jikinsa, domin wasu na'urorin fuskar rubutu sama suke so, wasu ƙasa. Rinin CD-R ba ya jure zafi da rana kamar faifan kamfani, saboda haka ka ajiye fayilolin asali da jerin waƙoƙin kowane faifai a kwamfuta, yadda sake buga wanda ya gaji ba zai wuce aikin minti goma ba.

Idan ka bi duk wannan amma faifan yana tsalle ko yana daɗewa kafin ya fara, ka gwada faifan kamfani a gurbin nan. In shi ma ya yi tsalle, matsalar ta na'urar ce, ko ƙura a idonta ko robobin da ke tare girgiza sun saki. In kuwa na kamfani ya yi lafiya naka ne kawai ke wahala, to idon ya fara rauni ne kuma CD-R ne ke fara nuna hakan. Sai ka sauya zuwa faifan wani kamfani daban, tunda rininsu ba iri ɗaya ba ne, ka rage saurin bugu zuwa 8x, ka kuma rage tsawon abin da ka ɗora zuwa wajen minti 70.